Takardar awa 200 ba ta san zafin Sakkwato ba

Ina koyar da mata motsa jiki irin na yoga a wani ɗaki da muke haya a Mabera, kuma 'yan matan da ke sha'awar sana'ar tambaya ɗaya suka fi yi mini: ina ake samun takarda? Wannan mai sauƙi ce. Akwai kwas na awa 200 da makarantu da yawa ke yi, wasu a Rishikesh da Mysore can Indiya, wasu ta intanet. Yawancinsu tsarin wata ƙungiyar Amurka suke bi, Yoga Alliance, wadda aka kafa a 1999. Ba hukumar gwamnati ba ce, kuma ba lasisi take bayarwa ba, rajista ce kawai ta malamai da makarantu. Indiya ma tana da nata tsarin tantancewa a ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH mai kula da maganin gargajiya da yoga. Duk ina faɗa musu, amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ke zuwa bayan an karɓi takardar.

Awa 200 kusan wata guda ne na zaman safe da yamma. A cikinsa ake cusa sunayen tsayuwa da zama, da numfashi, da tarihi, da yadda ake jan aji. Kason da aka wajabta wa ilimin gaɓoɓi da tsoka bai wuce awa 30 ba. To da wannan ɗan guzurin malama za ta buɗe ƙofa, sai ga wa? Ba 'yan matan cikin bidiyo masu lanƙwasa kamar roba ba. Hajiya ce mai shekara sittin da ta fara salla a kan kujera saboda gwiwa, ga hawan jini ga ciwon suga. Mai jego ce da aka yi wa tiyata wajen haihuwa, tana son cikinta ya koma kafin bikin ƙanwarta. Mai ciki wata shida ce da ba ta gaya wa kowa ba don kunya. Wata kuma sikila take da ita.

Kowace a cikinsu akwai abin da zai iya cutar da ita. Mai hawan jini, ko mai ciwon ido irin wanda ruwan ido ke matsa wa jijiya, ba a sa ta kifa kai ƙasa ƙafa sama, ba a kuma ba ta numfashin nan da ake fizga da ƙarfi. Mai ciki in ya tsufa ba ta daɗewa kwance rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Mai jego sau da yawa tsokar cikinta ta rabe a tsakiya, kuma atisayen da take roƙo a ba ta shi ne zai ƙara buɗe wurin. Mai sikila kuwa zafi da ƙishirwa da wahalar da jiki suna iya tayar mata da ciwo, kuma ba ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu fama da ita. Kwas ɗin da aka tsara don mutanen Kalifoniya ba zai tsaya a kan wannan ba.

Sannan ga garin kansa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, wuta kuma ba tabbas, don haka ajin da littafi ya ce a yi da hantsi mu da sassafe muke yinsa ko bayan magariba. Da azumi sai bayan asham, a taƙaice kuma a hankali. Da hunturu ƙura ce, kuma ba ka cewa mai asma ta ja dogon numfashi taga a buɗe. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ɗiyata, wanga abu naki ina so, amma ki bi ni sannu, jikin ba na jiya ba ne." Na ce, "To Inna, da kujera za mu fara." Amfani da kujera da bango da ɗamara ba raini ba ne. Malamin yoga B.K.S. Iyengar na birnin Pune a Indiya, wanda ya rasu a 2014, da irin waɗannan kayan ya shahara wajen koyar da tsofaffi da marasa lafiya.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba na son a riƙa kauce mata. Yoga daga Indiya ta fito, kuma tana da jijiya a ibadar mutanen can. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta, a 2009 malaman Indonesiya suka hana irin wadda ake haɗawa da rera kalmomin bauta, suka bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasanni a 2017. A ajina ba rera komai, ba gaisuwar rana, ba haɗa tafuka ana sunkuyawa. Amma malamar da ba ta karanta tarihin abin ba ta yaya za ta san me za ta cire? Sai ta kwaso komai daga YouTube ba ta san ma'anarsa ba, ko miji ya tambaye ta ta rasa amsa. Wannan ma karatu ne, kuma wurin malaman addini ake yin rabinsa.

Ita kanta Yoga Alliance ta san takardar farko ba ta isa ba, shi ya sa ta ɗora wa masu rajista awa 30 na ƙarin karatu da awa 45 na koyarwa duk shekara 3. Matsalarmu ita ce da dala ake biyan kwasa-kwasan, kuma tun da aka sakar wa kasuwa darajar naira a 2023 kuɗin ya fi ƙarfin malamar da ke karɓar ɗan abin da ɗalibai ke bayarwa a wata. A nan nake ganin nauyin yana kan masu gidajen motsa jiki. Wanda ya iya sayen madubi da fanka da na'urar gudu, ya iya ware wa malamansa rana ɗaya a wata da kuɗin data. Idan ɗaliba ta ji ciwo, sunan gidansa za a kira a gari.

Ba kuma lalle sai an duba waje ba. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muna da ungozomomi da likitocin gashin ƙashi da suka san jikin matanmu fiye da kowane bidiyo. A wannan garin ne Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda jajis, wato mata jagororin karatu, ke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su kai wa matan ƙauyuka, su sake dawowa ɗaukar wani. Ba a naɗa wa jaji malfa a ce ta gama.

Mu malamai mata kaɗan da ke wannan aiki mun fara haɗuwa Asabar ta ƙarshen wata. Muna haɗa kuɗin mota da na ruwa, wata likitar gashin ƙashi tana zuwa, kowa ta kawo matsalar da ta gamu da ita a aji ba tare da kiran sunan ɗaliba ba. Zama mai zuwa a kan ciwon baya ne bayan haihuwa, da lokacin da ya kamata malama ta ce wa ɗaliba ta je asibiti tukuna. Duk wadda ke koyarwa a Arkilla ko Runjin Sambo ko Gawon Nama, ta zo da tabarmarta da littafin rubutu.