Kashin mage ba taki ba ne, kar a yaudare ka

Duk wanda ya ce maka ka tura kashin mage cikin ƙasa da fartanya, ko ka jefa shi kan tulin taki wai zai ruɓe ya amfani shuka, kar ka saurare shi. Wannan shawarar ce ta ja mini asarar tulin takin da na tara saboda fangulan latas da karas, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Kashin saniya, na akuya, na kaji, duk taki ne idan sun ruɓe. Mage kuwa maciyiyar nama ce, ɓera take kamawa da tsuntsu, abin da ke fita daga cikinta ba irin nasu ba ne.

Babbar matsalar ita ce wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma gondii. Tun 1908 aka gano ta a Tunisiya, amma sai 1970 aka tabbatar cewa a hanjin dangin mage kaɗai take kammala haihuwarta. Magen da ta kamu tana zubar da miliyoyin ƙwayayen cutar cikin kashinta na tsawon mako ɗaya zuwa uku, alhali kana ganinta garau tana lasar jiki a kan katanga. A ƙasa mai danshi da inuwa ƙwayayen suna haura shekara da ransu, kuma bilic ba ya yi musu komai. Ga kuma ƙwan macijin ciki na mage, Toxocara cati, wanda shi ma yakan yi shekaru a ƙasa. Abin da ke kashe su da gaske zafi ne, wajen digiri 60 na ma'aunin Celsius ko sama. Tulin takin gida da wuya tsakiyarsa ta kai haka, gefensa kuwa ba ya ko kusa. Da zarar ka juya tulin sau ɗaya, kashin ya gauraye ko'ina, babu sauran tsincewa. Haka na kwashe nawa gaba ɗaya na zuba gindin furanni da itatuwan shinge, na rufe da ƙasa, kayan lambun ba su ga ko cokali ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne lokaci. Ƙwayayen Toxoplasma ba sa iya kama mutum a ranar da aka yi kashin, sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Na macijin ciki ma sai bayan makonni biyu zuwa huɗu. Wato sabon kashi, duk da warinsa, ya fi tsoho sauƙin haɗari. Wanda ya bari ya bushe don ya fi daɗin ɗauka, shi ya ba cutar lokacin da take nema. Saboda haka kowace safiya nake zagayawa, kafin ban ruwa.

Gane wurin ba wuya. Za ka ga ɗan tudu da shatin farce a kewaye, ƙasar an jawo ta daga gefe ɗaya, sau da yawa da 'yan tsirran da aka tumɓuke a kwance. In ba ka gani ba, ƙudaje za su nuna maka. Sa safar hannu ta roba, ka ware ƙaramin shebur da ba ya wani aiki sai wannan. Kar ka kankare ta sama: soka shebur ɗin ta ƙarƙashi, ka ɗago kashin haɗe da ƙasar da ke ƙasansa da kewayensa, kaurin santimita uku zuwa biyar. Ƙasar nan da ake jin ƙyashin zubarwa ita ce ke riƙe da warin da ke dawo da magen gobe. Zuba a leda, ƙulle, sake sawa a wata ledar, sai kwandon shara mai murfi. In zawo ne, barbaɗa masa yashi ko garin katako, ka ba shi 'yan mintuna ya tsotse, sannan ka kwashe. In tsoho ne da ya bushe ƙayau, ɗan yayyafa ruwa tukuna don kar ya marmashe ƙura ta tashi.

Kar a watsa masa ruwa da tiyo. Ba ya ɓacewa, baza shi kawai aka yi a faɗin fangali. Bandaki mai jan ruwa ma ba wurinsa ba ne, domin tace ruwan da ake yi ba ya kashe ƙwayayen, kogi da teku suke tafiya. Inda babu masu kwasar shara, a haƙa rami mai zurfin santimita 60, nesa da fangulan abinci, aƙalla mita 30 daga rijiya, a riƙa rufe kowane zubi da ƙasa, kuma kar a shuka abin ci a kansa. Shebur da daɓen siminti tafasasshen ruwa nake kwarara musu. A kan fangali ba na wahalar da kaina, ruwan yana hucewa kafin ya ratsa, saiwar shuka kawai yake dafawa. Bayan an cire safa a wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce.

Mai juna biyu ba ta yin wannan aikin, ko da safa, matuƙar akwai wani a gidan, domin cutar Toxoplasma tana iya ratsawa ta kai ga jaririn da ke ciki, ta taɓa masa ido ko ƙwaƙwalwa, ko ta jawo ɓari. Haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Yara kuma a sa musu takalmi, a rufe yashin wasansu da daddare, saboda akwai tsutsar da ke huda fatar ƙafa ta bar jan layi mai ƙaiƙayi. Ganyen da kashi ya taɓa na zubarwa ne. Sauran a wanke a ruwa mai gudu, abin ferewa a fere, abin dafawa a dafa.

Sai maganar hana ta dawowa. Mage ƙasa mai laushi, busasshiya, sabuwar kafta take so, ka ga kenan ranar da ka gyara fangali ka zuba iri, ka shimfiɗa mata wuri ne. A ranar nan nake rufewa, ba washegari ba. Ragar waya irin ta kejin kaji a kwance a kan ƙasa, a danne gefenta da duwatsu, tsiro yana fitowa ta ramukan amma farce ba ya samun tonawa. Inda aka riga aka yi dashe, 'yan sanduna nake kakkafawa, tazarar santimita 10 zuwa 15, yadda ba za ta sami wurin tsugunawa ba. Rassan ƙaya ma suna yi. Ban ruwa da yamma yana taimakawa, ba ta son taɓo a tafinta. Sabon tulin takina yanzu a rufe yake da tamfol da duwatsu, don na gano ba sai ka kai mata kashin can ba, ita da kanta tana hawa saman tuli mai laushi ta yi.

Ɓawon lemo da turarukan da ake sawa don korar mage na kwana biyu ne, ruwa ɗaya ya wanke su. Garin barkono cutar da idonta kawai yake yi. Kafur kuwa guba ne ga mage, ga yaro, ga ƙasar kanta, ban yarda a kawo shi kusa da abin ci ba. Na'urar fesa ruwa mai gane motsi tana aiki, amma sai ana sauya mata wuri, in ba haka ba magen ta koyi inda ruwan ke tsayawa ta zagaye.

In magen taka ce, kora ba ta kai ka ko'ina. Ware mata lungu nesa da fangulan, faɗin mita ɗaya, ka kafce ka gauraya da yashi, ka ajiye ɗan kashinta a ciki a ranar farko don ta gane wurin. Kwashe shi kullum, domin in ya cika za ta koma fangali. A daina ba ta ɗanyen nama, a kuma riƙa ba ta maganin tsutsa yadda likitan dabbobi ya tsara, galibi duk wata uku ga magen da ke fita farauta.