Inshorar da na saya wa Inna a Aboabo

Har yanzu in na tuna ranar nan raina na ɓaci. Yayana da ke Jamus ya turo kuɗi, ya ce a yi wa Inna inshorar lafiya ta kamfani, don ta huta da bin layi da katin gwamnati. Shekarunta 72, ga hawan jini, ga ciwon suga.

Kamfani uku na zagaya a Kumasi. Ɗaya da jin shekarunta ya ce ta wuce iyakarsu. Sauran biyun na baje takardunsu a kan tabarma, ina ta auna kuɗin shekara da jerin asibitoci, na ɗauki wanda ke da asibiti kusa da Asawase. Na biya na shekara cur.

Tambaya ɗaya ce ban yi ba: ciwon da ta riga ta daɗe da shi fa?

Sai da muka je karɓar maganin suga aka nuna mini a shafin baya, da ƙananan rubutu, cewa ba sa ɗaukar nauyin tsohon ciwo sai an cika shekara ana biya. To Inna me ke kai ta asibiti in ba waɗannan biyun ba? Ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, ba ka karanta ba ne?" Na karanta mana, amma farashi na karanta.

Abin da ya fi yi mini zafi shi ne na bar katinta na NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana, ya mutu, ina ganin mun wuce wurin. Alhali tsarin nan da aka kafa a 2003 zamanin Kufuor ya yafe wa duk wanda ya kai 70 kuɗin shekara, kuma hawan jini da suga suna cikin abin da yake ɗauka. Akwai dai abubuwan da ba ya ɗauka, kamar tabarau da haƙoran roba. Ni na san wannan tun da can, zumuɗi ne kawai ya rufe mini ido.

Yanzu duk wanda ya tare ni a ƙofar masallaci kan zancen tsohonsa, cewa nake ya fara kwaso kwalayen magungunan da yake sha, ya ajiye su gaban ma'aikacin kamfanin, a faɗa masa a rubuce wanne za su biya, kuma daga yaushe. Katin gwamnati kuwa kada a taɓa sakinsa, ko an sayi wani.

Na sabunta na Inna ta hanyar danna *929# a waya a daren nan. Maganin watan kuma daga aljihuna ya fita, ban iya gaya wa yayana ba sai bayan sati biyu.