Na'urar yin makullin mota ba ta san mai mota daga ɓarawo ba

'Yan uwa masu rewaya da kanikawa, maganar firogiramin makulli nake so mu yi yau, domin aikin ya yawaita a garejojinmu kuma naga kowa hankalinsa na kan na'ura, wacce zan saya, Autel ce ko Xhorse ko Lonsdor, amma ba kasafai nake jin wani ya tambayi wa ya halatta a yi wa makullin ba.

Motocin yanzu ba yankan ƙarfe kaɗai ke tada su ba, a cikin kan makullin akwai ɗan cip wanda ko batir baya buƙata, zoben waya da ke zagaye da wurin saka makulli shi ke bashi wuta, ya turo lambarsa, imobilaiza, wato na'urar hana tada mota da baƙon makulli, ta duba in ta san shi sai ta ba birenbos, kwamfutar inji, izini, in bata san shi ba inji zai juya amma ba zai kama ba. Jamus da Ingila tun 1998 suka wajabta wannan a sababbin motoci, Kanada 2007. Amurka bata wajabta ba, shi yasa wasu Kia da Hyundai na 2011 zuwa 2021 masu makullin murɗawa suka fito babu shi, kuma sun sha sata a can ba kaɗan ba.

To mu nan yawancin tokumbo da makulli ɗaya suke sauka, ko ta Legas ko ta Kwatano, ranar da ya ɓata shikenan sai a jawo mota gareji. In akwai makulli ɗaya mai aiki abin da sauƙi, ka jona na'ura a soket ɗin OBD, wurin jona na'urar binciken mota, mai fil 16 da ke ƙasan sitiyari ka ƙara na biyu. In duka suka ɓata a nan ake gane gwani. Wasu Toyota sai ka yi risetin ka zauna jiran minti 16, Ford minti 10, kuma wannan jiran da gangan kamfani ya saka shi don ɓarawo bashi da lokacin zama. Tsofaffin Toyota kuwa sai an kwance akwatin imobilaiza an karanta ɗan cip ɗin 93C66 an sake rubuta shi, a nan kana buƙatar firogirama da hannun da ya iya soda, ba na'urar sikanin kaɗai ba. Marsandi wata duniya ce daban, sai an lissafo lambar sirri daga EIS, wato akwatin lantarki na wurin saka makulli, sababbin masu tsarin tsaro na FBS4 kuma hanyarsu ta dila ce. Sannan don Allah a riƙa jona caja mai riƙe wuta a batir kafin a fara, wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu birenbos na iya mutuwa murus, kuɗin sabo ya ninka kuɗin aikin. A kuma duba rimot, motar Amurka galibi 315 MHz ce, ta Turai 433, ka yi firogiramin makulli mai rimot ɗin da bai dace ba, mota zata tashi amma ƙofa ba zata amsa ba.

Yanzu ga inda nake so a tsaya. A Amurka da Kanada in kana son kamfanin mota ya baka lambar yankan makulli ko lambar sirrin imobilaiza, sai kana da rajista da wata ƙungiya mai suna NASTF, su baka lambar shaida taka kai kaɗai. Kafin su baka sai sun ga takardar rajistar sana'arka, sun ga inshora, sun binciki tarihinka ko ka taɓa laifi, in kuma jiharku na buƙatar lasisin maƙerin makulli kamar Kalifoniya ko Texas sai ka kawo shi. Bayan haka duk motar da zaka yi wa makulli sai ka cike fom, ka duba katin shaidar wanda ya kawota, ka duba takardar mallaka, ka haɗa da shasi lamba, komai ya shiga rumbu. In motar ta bayyana a cikin na sata an san hannun wa ta bi. Kamfanoni ma sun fara kulle ƙofar da kansu, Jeep da Dodge da Chrysler tun wajen 2018 suka saka wata na'ura mai gadi tsakanin soket ɗin OBD da sauran kwamfutocin mota, sai na'urarka tana kan intanet kuma kana da rajistar AutoAuth, shafin da ke tantance kanikawa, kafin ta wuce, wannan ya biyo bayan abin da ya faru a 2015 da wasu masu bincike biyu suka shiga kwamfutar Jeep Cherokee daga nesa har aka janye motoci miliyan 1.4.

Mu wancan rajistar ba tamu bace, ba don mu aka yi ta ba, shi yasa muka dogara da na'urorin Chaina masu lissafo lambar da kansu, kana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, wasu ayyukan kuma sai ka sayi tokin, wato izinin aiki da ake biya. Ban ga laifin wannan ba, sana'a ce kuma mutane na da buƙata. Abin da ke damuna shine duk mai kuɗi zai iya yin odar na'urar ta iso masa har gida babu mai tambayarsa komai, kuma akwai garejin da za'a jawo mota da dare ace oga makulli ne ya faɗi a hanya, a yi ciniki a gama ba wanda ya ce ina takardu.

Ni a wurina ba takarda ba aiki, ko ɗan uwana ne. Ina ganin fatikula, ina ganin takardar kwastan in sabuwar shigowa ce, ina haɗa shasi lambar takarda da ta jikin gilas da ta jikin ƙofa da wadda na'ura ta karanto daga birenbos, in ɗauki hoton katin ɗan ƙasa na mai motar in rubuta a littafi da kwanan wata. In direba aka aiko sai na yi magana da mai motar da kaina. Kuma makullin da ya ɓata ina goge shi daga kwamfutar motar, saboda wanda ya tsince shi ko ya sace shi kar ya dawo ya tada ta a ƙofar gida.

Ƙungiyarmu ta kanikawan Najeriya, NATA, tana da rassa a kusan kowane babban gareji, daga Fanteka a Kaduna har Apo a Abuja, shugabannin reshe sun san kowa da rumfarsa. Abin da nake roƙonsu su fara shine rajistar masu na'urar makulli a kowane reshe, suna da lambar na'ura, da littafi iri ɗaya da kowa zai riƙa cikewa, yaron da ke koyo kuma kar a miƙa masa na'urar ya fita aikin waje shi kaɗai sai ogansa ya ga takardun motar tukuna.