Ƙofofin nan 24 sun daina wage baki

Jama'a, yau dai na gano bakin zaren! Mako biyu ke nan ina fama da kalandar jiran Kirsimeti da nake haɗa wa yaran ajinmu na makarantar Lahadi, wato kwali mai ƙananan ƙofofi 24 da ake buɗe ɗaya kullum daga 1 ga Disamba. Kwali uku na ɓata, kuma kuɗin na huɗun sai da na ji shi a jikina.

Ga inda take ta kayar da ni. In na yanke gefe uku na ƙofa da reza, iskar hunturu na busar da kwalin sai ya lanƙwashe, na wayi gari ƙofa ta 9 da ta 17 a hangame, hoton ciki a fili. Na ɗiga gam, ta manne har ta yage wajen buɗewa. Na sa salatif, ya kwashe min fenti. Ranar nan har ƙwalla na yi. Abin da ya ɓulle shi ne kada ku yanke layin gaba ɗaya: ku bar wuri kamar ƙwayar shinkafa a tsakiyar kowane gefe, gefe na huɗun kuma ku danne shi da biron da tawadarsa ta ƙare. Yaro na sa farce za ku ji ƙas, ta buɗe sumul.

Na dage ne don jiran shi ne ma'anar abin. A Jamus, cikin ƙarni na 19, iyalai mabiya ɗarikar Luta kan ja layi 24 da alli a jikin ƙofa, kullum yaro ya goge ɗaya. Kalandar da maɗaba'ar Gerhard Lang ta buga a Munich a 1908 ma ba ta da ƙofa, hotuna ake yankewa a liƙa, sai wajen shekarun 1920 ƙofofin suka shigo. Cakulan daga baya ya biyo, yau har turare da kayan kwalliya ake zubawa ciki. Ban ƙi alawa ba, amma ni ayar Littafi Mai Tsarki na ɓoye bayan kowace ƙofa, daga annabcin Ishaya har zuwa Luka sura 2 a ranar 24 ga Disamba.

Saura takardar baya, tana tattarewa in na shafa gam. Wanda ya san dabara ya agaza min kafin 1 ga Disamba.