Yadda na ƙarfafa birkin keken dutse da ɗan abin da ke aljihuna

Kekena na hawan dutse ya zo da birkin faifai irin na waya, faifan gaba da na baya duk milimita 160. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba shi da laifi, in ka matsa yana tsayawa. Matsalar tana fitowa ne a gangare mai tsawo, inda yatsu ke gajiya da matsa, hannun birkin ya yi ta shigowa har ya kusa taɓa kan keken, wilin gaba kuma ya riƙa ƙara mai hana jin daɗi. Duk wanda na yi wa maganar, abu ɗaya yake cewa: cire su duka, ka sa birkin mai mai fistin huɗu gaba da baya. Shawarar ba ta da aibu, sai dai kuɗin wannan kayan ya kusa kuɗin keken kansa, ni kuwa ba ni da shi. Sai na yanke shawarar bin abin daki-daki, in fara da wanda ba ya cin kuɗi, kuma kada in sayi wani abu sai na hau na ji abin da gyaran baya ya canza.

Na fara da wanki. Yawancin birkin da ake cewa ya mutu, mai ne ya taɓa shi. Man sarƙa na feshi yakan yi tsalle ya sauka a faifan baya, hannun da ya taɓa giris kuma in ya riƙe faifai ya bar masa tabo. Na cire wili biyun, na goge faifan da barasar isopropyl da tsumma mai tsabta, na zaro fad ɗin, wato 'yan takalman birkin da ke matse faifai, na duba. Na gaba sun yi santsi suna sheƙi, alamar zafi ya gasa fuskarsu, sai na shimfiɗa samfefa a kan tebur na ɗan goga su har sheƙin ya tafi. Na baya kuwa sun sha mai, sun yi baƙi. Waɗannan ba su da magani. Akwai masu cewa a ƙona su da wuta mai ya fita, amma ni ban yarda in ɗora wuyana a kan fad ɗin da aka babbaka ba, na yar da su, na sa sababbi.

Tunda wili na ƙasa, na auna kaurin faifan. Faifan Shimano sabo milimita 1.8 ne, kuma kamfanin ya ce a canza shi in ya sauko 1.5, galibi za ka ga an zana wannan adadi a jikin faifan. Nawa suna da saura, don haka wannan kuɗin ya tsira.

Abu na biyu shi ne waya da rigarta, kuma a nan ne na sha mamaki. Rigar waya mai araha tana matsewa in ka ja birki, sai wani ɓangare na ƙarfin yatsunka ya ƙare a matse rigar maimakon ya isa fad. Shi ya sa hannun birkin ke yin laushi. Na sa sabuwar waya da riga irin wadda ba ta matsewa, na yanke bakinta daidai. Sannan na gyara zaman kalifa, wato gidan da ke riƙe fad a kan faifai. A yawancin birkin waya fad ɗaya ne ke motsi, ɗayan a tsaye yake, mai motsin ne ke tura faifai ya jingina da na tsayen. In na tsayen ya yi nisa, sai faifan ya lanƙwasa sosai kafin birki ya kama. Na juya madaidaicinsa har ya matso dab da faifai, saura kaɗan ya goga. Da wannan kaɗai birkin baya ya dawo hayyacinsa, har yau kuma shi nake hawa da shi.

Gaba kuwa bai ishe ni ba, kuma gaba ne wurin da ya cancanci kuɗi. In ka ja birki nauyinka da na keke yana zubowa gaba, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sauƙi. Duk ƙarfin da ka ƙara wa birkin baya, abin da zai ba ka shi ne taya ta kulle ta riƙa jan ƙasa. Saboda haka duk abin da na saya daga nan, na gaba ne.

Sayayyar da ta fi biya na ita ce faifai mai milimita 180 a madadin mai 160, tare da adafta da ke ɗaga kalifa ta zauna daidai da sabon faɗin. Dalilin a fili yake: fad yana kama faifai ne nesa da tsakiyar wili, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajeruwa ta kasa. Daga 160 zuwa 180, ƙarin ya kai wajen kashi 12 cikin 100 ba tare da yatsa ya ƙara wahala ba. Ban da haka, babban faifai ya fi ƙarfe yawa, yana jinkirin yin zafi, yana kuma saurin hucewa. Zafin nan shi ne ke sa birki ya yi sanyin jiki a tsakiyar gangare, daidai lokacin da ka fi bukatarsa.

Kafin ka saya akwai abubuwan dubawa, don a nan mutane ke asarar kuɗi. Kowane fok, wato ƙafafu biyun da ke riƙe wilin gaba, yana da iyakar girman faifan da masu ƙera shi suka yarda da shi. Nawa ya ɗauki 180, shi ya sa ban ko kalli 203 ba. Sai yadda faifan ke ɗaure a cibiyar wili: ko mai noti shida da ake ɗaurewa da makullin T25, ko irin Center Lock mai zobe ɗaya. Ba sa shiga wa juna kai tsaye. Adafta ma iri-iri ce, ta danganta da yadda kujerar kalifa take a jikin fok ɗinka, don haka ka ɗauki hoton naka ka gwada da abin da za ka saya. Wasu faifan masu araha kuma an rubuta a jikinsu cewa fad na resin, wato mai laushi wanda ba na ƙarfe ba, kaɗai suke ɗauka. Ni irin wannan na saya, SM-RT56 na Shimano, da sanina. Fad na ƙarfe ya fi jure zafi da laka, ya fi daɗewa, amma ya fi ƙara, ya fi cin faifai, kuma sai da faifan da aka yi dominsa. Na resin shiru yake, yana kamawa tun yana sanyi, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Ga wanda ba ya yawan hawa cikin ruwa da taɓo, ya wadatar.

Da na tara wani abu daga baya, sai na sayi birkin mai guda ɗaya tak, na gaba, Shimano MT200. Shi ne kusan na ƙasa a jerin kayansu, fistin biyu ne, ba shi da wani ado. Amma fad ɗinsa biyu duk suna motsi, suna matso da kansu yayin da suke cinyewa, kuma babu wayar da za ta miƙe ko ta yi tsatsa. Ya zo a haɗe da mansa a ciki, aikina ɗaurawa ne kawai da alanki. Don kalifa ta zauna a tsakiya, na sassauta notinta biyu, na matsa hannun birkin na riƙe, sannan na ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Tiyon ya ɗan yi tsawo, na bar shi haka na ɗaure da kyau, domin yanke shi yana bukatar sabon zoben tagulla da ɗan ƙarfen bakin tiyo, wataƙila har da cire iska. Ka kuma lura wajen oda: akwai ƙasashen da birkin gaba ke hannun hagu, akwai inda yake dama, ka zaɓi wanda hannunka ya saba da shi.

Maganar mai ba ta son wasa. Shimano da Magura man ma'adinai suke amfani da shi, birkin SRAM kuma wasu irin DOT ne na mota, wasu na ma'adinai. In ka zuba wani a gurbin wani, robobin ciki za su kumbura, birkin ya lalace gaba ɗaya. Haka nan kada ka matsa hannun birki alhali wili a cire yake, fistin zai fito ya haɗe fad ɗin, sai ka yi ta fama kafin su buɗe.

Yanzu kan kekena hannun birki biyu ne da ba su yi kama ba, ɗaya na mai, ɗaya na waya. Abokan hawa sun yi mini dariya, ni kuwa ko a jikina. Na ɗan tura hannun MT200 ɗin ciki, domin dogo ne, yadda yatsa ɗaya ko biyu za su kama ƙarshensa, sauran yatsun su riƙe kan keke.

Akwai mataki guda da ba ya cin ko sisi amma mutane ke tsallakewa: sabawar fad da faifai. Sabon fad a kan sabon faifai ba ya kamawa sosai, har ka yi zaton an cuce ka. Sai ka sami wuri mai faɗi, ka ɗauki gudu matsakaici, ka ja birkin da ƙarfi har ka sauko gudun mai tafiya a ƙasa, ka saki kafin ka tsaya cak, ka maimaita kamar sau ashirin. Wannan yana shafa siririn kayan fad a fuskar faifai daidai-wa-daida, za ka ji kamun yana ƙaruwa a hannunka tun kana yi. Wanda ya tsallake shi ya faɗa gangare, shi ne ke dawowa da ƙara da karkarwa.

Na hannu ma na duba, na fasa. Tsohon birkin mai mai fistin huɗu yakan yi arha a ido, amma ba ka san ko fistin ya maƙale ko roba na yoyo ba sai ka ɗaura, kuma in ka haɗa kuɗin sabon fad da mai da kayan cire iska, ya wuce sabon MT200. Fad marasa suna ma na ƙyale su, don bambancin kuɗin bai kai a yi kasada da shi ba.

Abin da na lura bayan duk wannan shi ne iyakar ta koma kan taya. Birkin gaba yanzu yana iya tsayar da wili nan take, amma a kan tsakuwa tayar ce ke zamewa, don haƙoranta sun ci rabi. Kuɗin da na so in tara don birkin mai na baya, tayar gaba zai tafi.