Autanmu a Ingila da kewar Kano

A garin nan idan aka ce wane yana waje, to an gama magana. Ba mai ƙara tambayar yadda yake kwana da yadda yake tashi. Lissafin da ake yi kawai shi ne fam ɗaya naira nawa ce yau, musamman tun watan Yunin 2023 da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Ni kuwa ina da ƙane, autanmu, yana aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila, kuma ni yake kira idan abin ya cika masa ciki. Na ga yadda kewar gida take cin mutum alhali cikinsa a ƙoshe yake, shi ya sa nake wannan rubutu.

Abin da ya fara yi mini kuka da shi duhu ne da shiru. A watan Disamba can kafin ƙarfe biyu la'asar ta yi, kafin huɗu an yi magariba. Ya fita aiki cikin duhu, ya dawo cikin duhu. Yaron da ya tashi a Gwammaja, inda kafin ladanin wannan masallaci ya kai ƙarshe na gaba ya ɗauka, yanzu wayarsa ce take kira masa salla. Ya ce maƙwabtansa ba mugayen mutane ba ne, za su yi maka murmushi a bakin ƙofa, za su karɓar maka saƙo idan ba ka nan. Sai dai ba wanda zai yi sallama ya shigo don kawai ya ga kwananka. Babu yaron da za a aiko da kwanon tuwo a ce in ji Inna, babu mai tallar gyaɗa, babu majalisar ƙofar gida bayan isha'i. Ya ce mini, "Yaya, wallahi ranar da ba ni da aiki sai in wuni ban buɗe baki na yi Hausa da kowa ba." Wannan kafin matarsa ta bi shi ke nan.

Duk wanda yake da ɗan'uwa a waje ya san hidimar haɗa saƙo. Da na ji wani zai tafi, sai in shiga Kasuwar Rimi: kuka, busasshiyar kuɓewa, garin ɗanwake, tsamiya, kanwa, yajin ƙuli, garin kunu. Daddawa kuwa sai na naɗe ta leda cikin leda, sannan in tura ta cikin roba mai murfi, don kada ta ɓata wa mai ɗauka tufafi. Jakar matafiyi kilo 23 ce, shi ma yana da nasa kayan, don haka in ya ba ka kilo biyu ya yi maka zumunci. Kilishi da dambun nama da man shanu ba sa cikin lissafi, domin dokar Ingila ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu. Gurasa bandashe kuma ba abar aikawa ba ce, sai dai ya ji labarinta. Akwai shagunan kayan Afirka a can, amma manja da agushi da garin rogo suka fi yawa, kuka sai an yi sa'a.

Na ɗauka da saƙon ya isa zai sami sauƙi. Ranar da ya fara tuƙa tuwo ya kaɗa miyar kuka, sai ga kiransa, murya a shaƙe. Ya ce miyar ta yi daɗi, amma da ya zauna shi kaɗai a gaban kwanon, sai ya tuna yadda suke zagaye tire da yayyensa a zaure ana rige-rigen tsokar nama, ya kasa cinyewa.

Ranar Salla a can ranar aiki ce kamar kowace, sai in mutum ya nemi hutu tun da wuri. Yakan sa shaddarsa da hular zanna ya bi idi tare da 'yan Pakistan da Somaliyawa da Larabawa, a yi musabaha, kowa ya kama gabansa, shi kuma ya cire ya sa rigar aiki. Da daddare sai ya kunna tsofaffin bidiyon Hawan Daushe, yana nuna wa matarsa inda suke tsayawa a Ƙofar Kudu suna yara. Lokacin da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, daga wajensa na fara jin labarin, ni da nake zaune a cikin garin.

Duk waɗannan ana iya jurewa. Mutuwa ce take karya su. Baffanmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi jinya ta wata da watanni, manya suka ce kada a gaya wa auta, hankalinsa zai tashi kuma ba abin da zai iya daga can. Baffa ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada. Auta yana bakin aiki, wayarsa a kulle cikin akwati. Da ya tashi ya buɗe ta, a zauren 'yan unguwa ya ga hoton Baffa da Innalillahi a ƙasa. Da ya same ni, abin da ya iya cewa shi ne, "Yaya, ko ƙasa ban zuba masa ba." Mu a nan muna zaman makoki, gida cike, wannan ya shigo ya ce ya haƙuri, wancan ya kawo kunu, har aka yi sadakar uku. Shi washegari ya koma aiki yana juya tsofaffin wasu a kan gado. Na faɗa a gaban manya, kuma ina nan a kan bakana: ɓoye wa na waje rashin lafiyar iyayensa ba tausayi ba ne. Da an gaya masa, da ya yi magana da Baffa ko sau ɗaya ne, ya nemi gafararsa.

Tafiya ba baƙon abu ba ce ga Bakano. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun kafa gari a Sudan wanda har yau ake kira da sunansa. A Kumasi da Akara akwai zango. Amma su a ayari suke tafiya, da madugu, inda suka yada zango kuma sai ka ga liman da mahauci da wanzami da mai tuwo, a naɗa sarki, a ci gaba da suna da biki da jana'iza kamar a gida. Matafiyin yau biza ɗaya ake ba shi da sunansa shi kaɗai. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da suke zuwa Guangzhou ta China sun san masaukin juna, ɗaliban da gwamnatin jiha ta tura Indiya da Uganda a 2023 a ƙungiya suka tafi, na Jidda da Makka kuwa Hausa har a kasuwa. Wanda aiki ya jefa wani ƙaramin gari a Turai shi ne abin tausayi.

Sannan mu na gida muna ƙara musu. Kira goma, tara na buƙata ne: kuɗin makaranta, kayan ɗaki, jari. Ba a lissafa hayar gida da haraji da kuɗin ɗumama ɗaki da suke cinye albashin tun kafin ya zauna. In ya buɗe baki zai yi ƙorafi, a ce, "Kai da kake Turai?" Wani ma ya jefa masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Raina yana ɓaci da wannan magana, domin maganin hawan jinin Hajiyarmu da kuɗin makarantar marayun Baffa daga gumin yaron nan suke fitowa.

Abin da ya fi so in aika masa ƙananan labarai ne. Wa ya yi aure a layinmu, mai shayin bakin titi ya koma ina, nawa kwanon gero ya kai, ruwan jiya ya shiga gidan wa. Wata rana ina cikin adaidaita daga Gwammaja zuwa Kantin Kwari ya kira, na ce bari in sauka saboda hayaniya. Ya ce, "A'a Yaya, bar ta a buɗe." Haka na riƙe wayar a cinya, yana sauraron hon da cacar-bakin direba da wata mata a kan canjin naira hamsin, har na ji yana dariya.

Yanzu damuwarsa ta koma kan 'yarsa da aka haifa a can. Hajiya tana yi mata wasan kishiya a waya, yarinyar tana jin komai amma da Turanci take mayarwa, Hajiya kuma sai ta miƙo mini wayar ta ce in fassara. Makarantun Ingila suna dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, tsakiyar daminarmu, kuma yana so ya kawo su su yi shi a Kano. Matarsa tana tsoron sauro, shi yana lissafin tikitin mutum uku da ko su sauka a Abuja ko su biyo ta Alƙahira. Hajiya ta riga ta sa an gyara rufin ɗakin da ke yoyo, ni kuma na yi wa malamar Islamiyyar layinmu magana ta ajiye wa yarinyar wuri a ajin 'yan ƙanana.