Gidan sauka a Garwa ga malamin da ke koyarwa a ƙasar waje

Malamin da ke aiki a Gabon ko Faransa yakan dawo da iyali a Yuli da Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama a Garwa, a arewacin Kamaru. Gidan da aka kulle wata goma ba zai tarbe shi lafiya ba sai da shiri.

Rufi ne farko. A sa kafinta ya hau tun Afrilu, ya canza ƙusoshin da suka saki, ya share indararo, domin zafin bazara na buɗe kwano. Sai maganar gara mai cin katako: a ɗaga katifu da akwatuna daga ƙasa, kada kabad ya jingina da bango, littattafai kuma a durom mai murfi.

Gida rufe ruf ba dabara ba ce. Gara a ba wani ɗan'uwa ɗaki ɗaya, ya riƙa buɗe tagogi da famfo duk mako, in ba haka ba ruwan bututun bayi ya ƙafe, wari da kyankyasai su shigo. Amma a rubuta yarjejeniya, ko da ƙaninka ne. Zumunci ya sha lalacewa a kan kuɗin wuta.

Yaran da suka tashi inda babu zazzaɓin cizon sauro ba su da garkuwarsa. A ga likita kafin tasowa, a tanadi gidan sauro ga kowane gado, a kwashe tankin ruwa a wanke kafin su sha. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuma ya zauna cikin fasfo.